Daga Södermalm zuwa Fjällbacka: Bin Sawun Jaruman Fim Mata na Ƙasar Suwidin

Ƙasar Suwidin ba ta kai mutum miliyan 11 ba, amma tun zamanin fina-finai marasa magana har zuwa yau da wuya a ƙidaya manyan jarumai mata na duniya ba a ambaci 'yar ƙasar ba. Na daɗe ina mamakin wannan al'amari, saboda haka da zumunci ya kai ni birnin Stockholm wajen ɗiyar yayata da ke karatu a can, sai na ƙudurta cewa zan bi sawun waɗannan mata, in ga unguwannin da suka taso, da inda suka koyi sana'a, da inda aka binne su. Watan Nuwamba ne, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, har Azahar da La'asar da Magariba su zo kusan a jere, don haka da zarar gari ya waye muke fita domin mu ci moriyar ɗan hasken da ake samu.

Mutanen ƙasar sun kusa daina riƙe tsabar kuɗi, da kati ko waya suke biyan ko da kofin shayi ne, amma na nace sai da aka samo mini takardar kurona 100, wadda tun shekarar 2016 take ɗauke da fuskar jarumar fim Greta Garbo. Da ita a aljihu muka haura tsibirin Södermalm da ke kudancin birnin. Yau unguwa ce ta masu hali, cike da gidajen shan gahawa da kantunan kayan ƙawa, amma a 1905 da aka haifi Greta Lovisa Gustafsson, wato Garbo, nan ne matattarar leburori da talakawa tiɓis. A titin Blekingegatan, gida mai lamba 32, iyayenta suka yi haya, kuma a nan ta tashi a matsayin auta cikin 'ya'ya uku. An rushe wancan gini tuntuni, sai dai an maƙala siffar fuskarta a jikin wanda ya maye gurbinsa, kuma da ba don ɗiyar tawa ta nuna mini ba, da na wuce ban lura ba. Ɗan gaba kaɗan akwai ƙaramin dandali mai sunanta, kusa da makarantar firamaren da ta yi, wadda ita ce iyakar karatunta na boko.

Mahaifinta lebura ne, ya rasu a 1920 tana da shekara 14, kuma tun a wannan shekarun ta shiga neman na kanta. Aikinta na farko a shagon aski ne, inda take shafa wa maza kumfar sabulu a fuska kafin mai aski ya sa aska. Daga nan ta samu aiki a babban kantin PUB da ke dandalin Hötorget, a sashen hulunan mata, kuma masu kantin ne suka fara ɗaukar hotonta sanye da hulunan domin talla, daga baya suka sa ta a gajerun fina-finan talla. Ginin yana nan, an mayar da shi otal, kuma a gabansa har yanzu ana kasa furanni da 'ya'yan itatuwa. Na tsaya a bakin ƙofar ina lissafin cewa tsakanin wannan kanti da kamfanin shirya fim na MGM da ke Amurka shekara uku kacal ne a rayuwar yarinyar nan, domin a 1922 ta bar kantin, a 1925 kuma ta sauka a New York.

Abin da ya faru a waɗannan shekaru uku shi ne amsar mamakin da na zo da shi, kuma amsar tana dandalin Nybroplan, inda gidan wasan kwaikwayo na masarauta da ake kira Dramaten yake. Sarki Gustav na Uku ne ya kafa shi a 1788, ginin da ake gani yanzu kuwa, na farin dutse mai ado da ruwan zinariya, a 1908 aka buɗe shi. Gidan yana da makarantarsa ta horar da 'yan wasa, wadda ake shiga ta hanyar gwaji a gaban alƙalai, ana ɗaukar 'yan kaɗan daga cikin masu nema, a koya musu sarrafa murya da numfashi da motsin jiki da haddar dogayen wasanni, sannan a riƙa sa su ƙananan matsayi a kan dandamali tare da manyan 'yan wasa. Garbo ta shiga makarantar a 1922, Ingrid Bergman a 1933, kuma bayansu Mai Zetterling da Eva Dahlbeck da Ingrid Thulin da Bibi Andersson duk ta wannan ƙofa suka bi, kafin gwamnati ta raba makarantar da gidan wasan a 1964. Masu rubutu kan so su ce kyawun fuska ne ya kai matan Suwidin Hollywood, amma kyawawan mata babu ƙasar da ba ta da su. Abin da ba kowace ƙasa ke da shi ba shi ne makarantar da 'yar lebura za ta shiga da ƙwazonta kawai, ta fito da sana'a a hannu.

A kusurwar wannan gini na gamu da abin da ya fi burge ni a tafiyar baki ɗaya. Mutum-mutumi ne na tagulla, tsayin mutum, tsaye a ƙasa ba a kan dakali ba, jingine kusa da bango kamar mai jiran wani. Siffar Margaretha Krook ce, 'yar wasan da ta rayu daga 1925 zuwa 2001, wadda ta yi yawancin rayuwarta a wannan gida ba tare da ta nemi suna a ƙetare ba. A daidai wannan kusurwa takan tsaya ta sha taba kafin a fara wasa, kuma an san ta da ƙin gumakan tunawa saboda sanyinsu, don haka da Marie-Louise Ekman ta ƙera siffar, wadda aka kafa a 2002, sai aka sa mata na'urar da ke ɗumama ta zuwa maki 37, daidai da zafin jikin ɗan Adam. Ɗiyar tawa ta ce, “Kawu, cire safar hannunka ka taɓa ka ji.” Na cire, na ɗora tafina, sai na ji ɗumi yana ratsa yatsuna da sanyi ya sandarar. Tumbin siffar ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar sabuwar tasa saboda yawan hannuwan masu wucewa, kuma muna tsaye wata tsohuwa ta zo da jakar cefane, ta dafa shi na ɗan lokaci, ta ci gaba da tafiyarta ba ta ko ɗago kai ba. Ban taɓa jin sunan Krook ba kafin wannan rana, amma na fahimci cewa mutanen birnin sun fi jin ta a jika fiye da waɗanda suka tafi suka yi suna a duniya.

Daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau zuwa tashar Näckrosen da ke Solna, wadda aka ƙawata bangonta da hotuna da tarkacen fina-finai, domin a bayanta ne tsohon sansanin shirya fim na Råsunda yake. Kamfanin Svensk Filmindustri ya yi aiki a nan daga 1920 zuwa 1969, aka shirya fina-finai kimanin 400. Yanzu gidajen kwana ne suka cinye yawancin filin, sai tsohuwar ƙofar shiga da wasu gine-gine da aka bari, da titi mai sunan Garbo. A nan darakta Mauritz Stiller ya ba ta babban matsayinta na farko a fim ɗin Gösta Berlings saga na 1924, kuma a wannan lokaci ne ta ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki Garbo. Tare suka tafi Amurka, sai dai shi bai jitu da tsarin aikin Hollywood ba, ya komo gida ya rasu a 1928, ita kuwa tauraruwarta ta haska fiye da yadda kowa ya zata.

Yawancin abin da ake faɗa a kan Garbo bai wuce cewa mace ce mai wuyar sha'ani da ta guji jama'a ba, amma wanda ya fara ganin Blekingegatan zai karanta labarin da wani ido. Tana da shekara 21 ta ƙaurace wa aiki na tsawon watanni har sai da MGM ya ƙara mata albashi, kuma daga baya ta samu yarjejeniyar da ta ba ta ta cewa a kan irin fim ɗin da za ta fito da wanda za su fito tare. Lokacin da fim mai magana ya zo ya kashe kasuwar 'yan wasa da yawa masu baƙon harshe, ita ta tsallake a 1930. Fim ɗinta na 1941 bai karɓu ba, yaƙi kuma ya toshe kasuwar Turai da fina-finanta suka fi dogara da ita, sai ta janye tana da shekara 36. An yi yunƙurin dawo da ita a 1949, kuɗi suka gagara, daga nan ta yi hannun riga da sana'ar. Ko lambar Oscar ta girmamawa da aka ba ta a 1955 ba ta je karɓa ba. Ta zauna a New York kusan shekara 40, ba aure, ba hira da 'yan jarida, tana cin dukiyar da ta tattala, har ta rasu ranar 15 ga Afrilu, 1990. A ganina yarinyar da ta fara aiki tana shafa wa maza kumfa ta gane tun da wuri cewa duk wanda ya riƙe takardar kwantiragi shi ke riƙe da mutum, kuma da ta samu hali sai ta karɓe ragamar rayuwarta.

Sai a 1999 aka kawo tokarta gida, domin ƙona gawa abu ne da aka saba a wajensu, aka binne a makabartar Skogskyrkogården da ke kudancin Stockholm. Makabarta ce a cikin dajin dogayen itatuwa, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. Mun yi tafiya mai ɗan nisa a kan jiƙaƙƙen ganye kafin mu iske wurin, 'yan matakala ne ke kai mutum gaban wani jan dutse, kuma babu ranar haihuwa ko ta mutuwa a jikinsa, sa hannunta kawai aka zana da ruwan zinariya.

Wata rana muka nufi unguwar Gärdet, inda Cibiyar Fina-finai ta Suwidin take a wani dogon gini na kankare mai ɗakin karatu da silima a ciki. Harry Schein, mijin Ingrid Thulin, shi ya kafa cibiyar a 1963 bisa wata dabara mai sauƙi: gwamnati ta janye harajin nishaɗi daga gidajen silima, su kuma suka riƙa ba da kashi 10 cikin 100 na kuɗin tikiti domin tallafa wa fina-finan gida. Shekara guda bayan haka aka fara ba da lambar yabo ta Guldbagge, kuma Thulin ce mace ta farko da ta karɓa. Wannan shi ne zamanin darakta Ingmar Bergman, wanda fuskarsa ke kan takardar kurona 200, kuma wanda ya yi ta aiki da rukunin mata guda shekara da shekaru. A bikin fina-finai na Cannes na 1958 alƙalai sun kasa zaɓen ɗaya cikin matan da suka fito a fim ɗinsa, sai suka raba lambar jarumar shekara tsakanin Thulin da Bibi Andersson da Eva Dahlbeck da Barbro Hiort af Ornäs.

A ɗakin shan shayi na cibiyar muka yi ja-in-ja da ɗiyar tawa. Ta ce, “Kawu, duk littafin da ka buɗe ‘matan Bergman’ ake ce musu, kamar ba su da sunan kansu, alhali fuskarsu da muryarsu mutane ke zuwa kallo.” Na ce mata ai shi ya rubuta musu matsayin da babu mai rubuta wa mata irinsa a wancan zamani. Ta amsa da cewa haka ne, amma ya yi soyayya da Harriet Andersson, ya yi da Bibi Andersson, ya yi da Liv Ullmann 'yar Norwe, duk yana ubangidansu a wurin aiki, kuma yarinyar da abincinta ke hannun mutum ba ta da bakin cewa a'a yadda ake zato. Ban iya ture wannan magana ba. Ita ce kuma ta karkato da hankalina ga Mai Zetterling, wadda ta yi tashe a Ingila a matsayin jaruma, ta gaji da a riƙa sa ta matsayin kyakkyawar mace kawai, ta koma bayan kyamara. Fim ɗinta na farko na 1964 ya shiga gasar Cannes, amma da ta fitar da Flickorna a 1968, mai magana a kan halin da mata 'yan wasa ke ciki, masu sharhi na gida suka yi mata caa, kuma sai a 1986 ta sake shirya babban fim a ƙasarta. Gunnel Lindblom da Pernilla August sun bi wannan hanya ta ba da umarni daga baya.

Maganar da ɗiyar tawa ta yi, matan sana'ar da kansu sun fito sun yi ta a fili. A watan Nuwamba na 2017 'yan wasa mata fiye da 450 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa da jaridar Svenska Dagbladet ta buga, suka zayyana irin cin zarafin da suke fuskanta a gidajen wasa da wuraren ɗaukar fim, ba tare da sun kama sunan kowa ba. Ministar al'adu ta lokacin, Alice Bah Kuhnke, ta kira shugabannin manyan gidajen wasa domin su yi bayani, kuma da aka karanta shaidun a bainar jama'a a gidan wasa na Södra Teatern, Sarauniya Silvia da Gimbiya Victoria suna cikin masu sauraro. Ƙasar da ake yaba wa da daidaito tsakanin maza da mata ke nan, amma sai da ɗaruruwan mata suka haɗa baki kafin a saurare su.

Labarin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Ingrid Bergman, wadda ba ta haɗa dangi da Ingmar ba sai dai suna. Taku kaɗan daga Dramaten, a titin Strandvägen mai lamba 3, mahaifinta yake da shagon ɗaukar hoto, kuma a gaban kyamararsa ta girma. An haife ta ranar 29 ga Agusta, 1915, mahaifiyarta Bajamushiya ta rasu tana ƙarama ƙwarai, mahaifin kuma ya bi ta tana da shekara 13. Shekara ɗaya ta yi a makarantar Dramaten ta fita zuwa fim, kuma da furodusa David O. Selznick ya kai ta Hollywood a 1939, ta ƙi yarda a sauya mata suna ko a tsige mata gira ko a gyara mata haƙora. Casablanca ya fito a 1942, Oscar ta farko ta biyo baya, Amurkawa suka ɗauke ta tamkar waliyyiya. Sai ta rubuta wa daraktan Italiya Roberto Rossellini wasiƙa tana neman su yi aiki tare, ta tafi, soyayya ta shiga tsakani alhali kowannensu yana da aure, ta haifi ɗa a watan Fabrairu na 1950. A watan Maris na wannan shekara Sanata Edwin Johnson na jihar Colorado ya miƙe a zauren Majalisar Dattawan Amurka ya yi mata kaca-kaca, ya kira ta mai yaɗa sharri. Ƙofofin Hollywood suka rufe mata, jaridun ƙasarta ma ba su raga mata ba, kuma ta yi shekaru ba ta sa 'yarta ta fari, Pia, a ido ba.

Ba na wanke ta daga abin da ta aikata, domin aure ta karya kuma yarinya ta bari a baya, ita ma ba ta taɓa musanta hakan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda hukuncin ya sauka a kanta ita kaɗai, yayin da maza abokan sana'arta da suka yi irin haka ko fiye suka ci gaba da aikinsu ko a jikinsu, kuma duk wanda ya saba jin yadda bakin duniya ke tauna 'yan fim mata a gida ba zai ji wannan baƙon abu ba. Aikinta ne ya dawo da ita: ta ci Oscar ta biyu da fim ɗin 1956, ta uku da na 1974, kuma a 1972 Sanata Charles Percy ya sa aka rubuta neman afuwarta a kundin majalisar da aka zage ta. A 1978, tana fama da sankarar mama, ta yi fim ɗinta tilo da Ingmar Bergman, inda ta fito a matsayin uwar da ta fifita sana'a a kan 'ya'yanta, matsayin da ba kowace mace mai irin tarihinta za ta yi ƙarfin halin karɓa ba. Ta rasu a Landan ranar da ta cika shekara 67 cif, a 1982.

Wani ɓangare na tokarta yana kusa da iyayenta a makabartar Norra da ke Solna, amma mafi yawa an watsa shi a teku a gaɓar yamma, don haka muka hau jirgin ƙasa na kimanin awa uku zuwa Gothenburg, muka ƙara gaba arewa da wani jirgin da bas har ƙauyen masunta na Fjällbacka. Gari ne na jajayen rumbunan katako da fararen gidaje, maƙale a gindin wani ƙaton dutse mai suna Vetteberget, kuma da yake ba lokacin baƙi ba ne, yawancin shaguna a rufe muka same su. A dandalin bakin ruwa mai sunanta akwai siffar kanta ta tagulla tana fuskantar teku, wajen tsibirin Dannholmen, inda mijinta na uku, Lars Schmidt, yake da gida, kuma inda ta riƙa zuwa hutun bazara tun daga 1958 har ƙarshen rayuwarta. Iskar teku ba ta bar mu mun daɗe ba, muka fake a wani ƙaramin gidan abinci muka sha miyar kifi mai zafi.

A hanyar komowa mun kwana a Gothenburg, garin da aka haifi Alicia Vikander a 1988. Mahaifiyarta 'yar wasan dandamali ce, ita kuma tun tana ƙarama take fitowa a gidan waƙe-waƙe na birnin, daga baya ta koma Stockholm tana da shekara 15 domin karatun rawar bale, har raunuka suka sa ta haƙura da rawar. Sau biyu tana neman shiga makarantar wasan kwaikwayo ana mayar da ita, abin da ya nuna cewa tsohuwar ƙofar ba ita kaɗai ce hanya ba a yanzu, domin Noomi Rapace da Rebecca Ferguson ma ta talabijin da fina-finan gida suka ɓullo kafin Hollywood ta kira su. Wata darakta mai suna Lisa Langseth ce ta ba Vikander babban matsayinta na farko a 2010, wanda ya kawo mata Guldbagge, kuma a 2016 ta zama 'yar Suwidin ta farko da ta ci Oscar a fannin wasa tun bayan Ingrid Bergman. A wannan shekarar ta kafa kamfaninta na shirya fim mai suna Vikarious, fim na farko da kamfanin ya fitar a 2017 kuma Langseth ta ba ragamar ba da umarninsa, kuma sunanta yana cikin na matan da suka sa hannu a wasiƙar da aka buga a ƙarshen wannan shekara.